Wayar Toshe Kumburin Jijiyar Ƙwaƙwalwa: Abin Da Za A Yi Da Wanda Ba Za A Yi Ba

Daga takardar kuɗin asibiti rikicin ke farawa. An gaya wa iyali cewa Hajiya na da kumburi a jijiyar jinin ƙwaƙwalwa, ko dai ya riga ya fashe ko ana tsoron ya fashe, kuma za a iya toshe shi ba tare da an buɗe mata kai ba. Sai a miƙo takarda ɗauke da sunayen wayoyi: wannan filatinam ce zalla, waccan an yi mata rufi, ta ukun an ce sabuwar fitowa ce, kowace da kuɗinta. Yaya babba ya dubi ƙannensa, a shiga lissafin fili da shanu da gwala-gwalan mata, domin babu ɗan da zai so a ce shi ne ya zaɓa wa mahaifiyarsa mai araha. Saboda masu irin wannan zama, a Legas ne ko Alƙahira ko Delhi, na rubuta abin da ke tafe. Ba zan sassauta murya ba, don kuskure a nan "a yi haƙuri" ba ya gyara shi.

Kada ku sa hannu a kan aikin da ba ku gane ba. Likitoci na kiran ciwon aniyurizim. Wani wuri ne a bangon jijiyar jini ke yin rauni, bugun jini ya yi ta tura shi har ya bunƙuro, kamar tayar keke da ta kumbura ta gefe guda. Kumburin na da jaka, yana kuma da wuya, wato bakin da jini ke bi ya shiga jakar. Kimanin mutum 3 cikin kowane baligi 100 na yawo da shi, kuma akasarinsu har su koma ga Allah ba su sani ba. Amma ranar da ya fashe jini ya malale kewayen ƙwaƙwalwa, kusan ɗaya cikin uku ba ya tashi, cikin waɗanda suka tashi kuma da yawa da naƙasa suke komawa gida.

Hanyar farko ta magance shi ita ce a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan maƙalin ƙarfe. Walter Dandy ne ya fara yin haka a birnin Baltimo na Amurka a 1937. Hanya ta biyu ta cikin jijiya ake bi. A huda jijiyar gindin cinya ko ta wuyan hannu, a zura siririn bututu, ana kallon tafiyarsa a allon hoto har ya isa bakin kumburin a cikin kai. Ta cikinsa ake tura wata waya mai taushi ta filatinam, wadda ake kira koyil, ta nannaɗe a cikin jakar kamar curin zare. A ƙara ta biyu, a ƙara ta uku, har jini ya rasa wurin kewayawa ya daskare. Wani likita ɗan Italiya, Guido Guglielmi, shi ya fito da ita a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, aka fara sa wa mutum a 1990, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1995. Dabararsa ita ce wayar na manne da abin tura ta har sai likita ya gamsu da zamanta, sannan a tsinke ta da ɗan lantarki. In bai gamsu ba, ya janye ta ya sake. Ku sa likita ya zana muku wannan a takarda, ya nuna muku hoton kumburin mai jinyarku, ya faɗi girmansa da faɗin wuyansa a milimita. Haƙƙinku ne, ba rashin kunya ba ne.

Kada ku tsaya cinikin waya alhali jini ya riga ya zuba. Wannan ya fi duk abin da zan faɗa nan gaba nauyi. Alamar fashewa ba ta ɓuya: ciwon kai ne da ke saukowa lokaci guda kamar an sara da gatari, wanda mutum zai ce bai taɓa jin irinsa ba, sau da yawa tare da amai, sandarewar wuya, ƙin haske, gigita ko suma. A wurinmu da wuya ya sandare, sanƙarau ke fara zuwa rai, musamman da bazara. Wasu su ce jifa ne, wasu su ce iska ce. Ku yi addu'arku a cikin mota, kuna kan hanyar asibitin da ke da na'urar hoton CT. A awa 6 na farko hoton kusan ba ya kuskuren jinin. In an makara hoto bai nuna ba, kada ku hana a ɗebi ruwan gadon baya, don a nan sauran shaidar take.

Kada a yi ƙaho. Kada a yi tsaga. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai ta baki, ko rubutu ne ko ruwa, don huhu zai tafi. Kada a aika yaro kemis ya sayo asfirin, domin yana hana jini daskarewa, kuma ɗan gudan jinin da ya toshe ɓarakar shi kaɗai ke riƙe da ran mutumin a wannan lokaci.

Kumburin da ya fashe sau ɗaya yana nan yana jiran na biyu. Haɗarin ya fi tsanani a yinin farko, kuma in ba a toshe ba, mutum 15 zuwa 20 cikin 100 na sake zubar da jini kafin mako biyu, yawancinsu kuwa ba sa tsira daga na biyun. Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka na 2023 suka ce a toshe shi da wuri iyakar iko, an fi so cikin awa 24. To ku auna da kanku: a kwantar da mutum mako uku ana bin biza da canjin dala, wai don a kai shi inda ke da waya mafi tsada, alhali akwai ƙwararren da zai iya rufe kumburin a kusa, ta kowace hanya ce. Waya mafi daraja a duniya ba ta da amfani ga wanda jini na biyu ya riga ta isa.

Kada ku raina wayar filatinam zalla, kada kuma ku bari a sa ku jin kunyar zaɓenta. Duk martabar da aikin koyil ke da ita yau, da wannan wayar aka samo ta. Binciken da ya juya akalar likitoci shi ne ISAT, wanda Andrew Molyneux da Richard Kerr suka jagoranta daga Oksfod ta Ingila, aka buga a mujallar Lancet a 2002. Majinyata 2,143 da kumburinsu ya fashe, waɗanda kowace hanya za ta iya yi musu, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara guda, kashi 23.7 cikin 100 na waɗanda aka sa wa waya sun rasu ko sun dogara da wani, a ɓangaren buɗe kai kuwa kashi 30.6. Mutum bakwai ke nan cikin ɗari da suka koma kan ƙafafunsu saboda hanyar da aka bi. Babu rufi a wayoyin nan, babu wani sinadari. Filatinam ce tsirara. Duk wanda ya ce muku tsohon yayi ce, ku tambaye shi wace sabuwar ce ta taɓa nuna irin wannan tazara a rai da lafiya.

Amma kada ku ɗauka an toshe an gama. Raunin waya ke nan, kuma daga nan duk zancen nau'o'i ya taso. Ko likita ya cusa har bututu ya ƙi karɓa, ƙarfen bai cika wuce kashi 20 zuwa 30 na cikin jakar ba. Sauran gudan jini ne ya cike tsakanin. Zuciya kuwa tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, kowane bugu yana dukan curin wayar ta bakin jaka. Wanda ya taɓa cike rami da ƙasa bai daddaɓe ba ya san abin da ruwan farko ke yi masa. Haka curin ke lotsawa, wuyan ya sake buɗewa, jini ya fara leƙowa. Da aka tattara bincike masu yawa an ga kusan kumburi ɗaya cikin biyar na sake buɗewa, kusan ɗaya cikin goma kuma sai an koma an sake yi masa aiki. Ko a ISAT ɗin, masu waya sun fi masu maƙali komawa ɗakin aiki, sun kuma ɗan fi su sake zubar jini a shekarun da suka biyo baya, ko da yake adadin ƙarami ne.

Kamfanoni sun bi hanya biyu don rufe wannan ɓaraka, kuma dole ku bambance su, don sakamakonsu ba ɗaya ba ne.

Kada ku ƙara ko kwabo a kan wayar da aka ce tana "warkar da" jijiya, sai an nuna muku hujja. Wannan ce hanya ta farko. Aka haɗa filatinam da irin sinadarin zaren ɗinkin tiyata, mai narkewa a jiki, da fatan zai tsokano jiki ya yi tabo ya liƙe bakin jakar da nama. Tunani ne mai kyau, a jikin dabbobi ma ya yi alƙawari. Wayar Matrix a waje aka yi mata rufin, ta Cerecyte kuma a ciki aka zura mata. An sayar da su shekaru da tsada kafin a gwada su yadda ya kamata. Da aka gwada fa? Binciken Cerecyte, mai majinyata 500, ya fito a 2012 bai ga fifiko ba. Binciken MAPS, mai majinyata 626, ya fito a 2014: kashi 13.3 na masu Matrix sun sami matsalar dawowar kumburi, masu filatinam zalla kashi 14.6, tazarar da ba ta wuce abin da dace kaɗai ke iya kawowa ba. Abin da aka iya cewa kawai shi ne ba ta fi tsohuwar muni ba. Wannan ba dalilin sayar da gona ba ne.

Ku saurari zancen haidirojel da kunne biyu, don nan akwai gaskiya, akwai kuma iyakarta. Ita ce hanya ta biyu. Wani sinadari ne mai shan ruwa, da ya taɓa jini sai ya kumbura kamar garin kwaki a kwano, ya cike guraben da ƙarfe ya bari. Rukunin farko na wannan waya a waje aka naɗe mata sinadarin. Tana da tauri, kuma mintuna kaɗan likita ke da su ya gyara mata zama kafin ta kumbura ta ƙi komawa bututu. An kuma sami rahotannin taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa da kumburin nama a wasu da aka sa wa, abin da ya sa likitoci da dama suka yi ɗari-ɗari. Binciken HELPS da Philip White ya jagoranta, mai majinyata 499, wanda Lancet ta buga a 2011, ya ga babbar dawowar kumburi ta ragu, amma a kan babban ma'aunin da aka ɗora binciken tazarar ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Sai Jean Raymond na Montiriyal a Kanada ya kai gwajin inda aka fi buƙatar taimako, wato manyan kumburi masu milimita 10 zuwa sama da waɗanda suka riga suka taɓa dawowa. Binciken nasa, PRET, mai majinyata 447, ya fito a 2017, kuma haidirojel bai fi filatinam zalla ba. Ku riƙe wannan da kyau: inda matsalar ta fi tsanani, nan ne rufin ya kasa.

A rukuni na biyu aka mayar da sinadarin cikin wayar, ta yi taushi, likita ya sami sararin aiki. A nan labari ya sauya. Binciken GREAT na Jamus da Faransa, ƙarƙashin Christian Taschner, ya ɗauki majinyata 513 masu kumburi milimita 4 zuwa 12, ya fito a 2018. Da aka haɗa babbar dawowa da sake aiki da mummunar naƙasa da mutuwa a ma'auni guda, kashi 19.9 na masu haidirojel ne suka faɗa ciki, masu filatinam zalla kashi 28.7. Binciken HEAT, ƙarƙashin Bernard Bendok a Amurka, ya ɗauki 600 masu kumburi milimita 3 zuwa 14, ya fito a 2020: dawowa kashi 4.4 a masu haidirojel, kashi 15.4 a ɗaya ɓangaren. Wannan tazara ce ta gaske, kuma zalunci ne a ɓoye ta. Idan kumburin mai jinyarku ƙarami ne ko matsakaici, likitan ya saba da wannan waya, kuna kuma da halin biya ba tare da kun tsiyata marayu ba, ku karɓa. Ni a ganina ta fi dacewa ma ga wanda zai koma garin da hoton bibiya ke da wahalar samu, domin duk abin da zai rage dawowa ya fi masa daraja fiye da wanda asibiti ke bayan gidansa.

Ku tambayi likita kalma ɗaya: "Ta fi a me?" Duk fifikon haidirojel da na lissafa a hoto aka gan shi. A HEAT ɗin nan da tazarar ta fi fitowa, ba a ga bambanci ba a yawan waɗanda aka sake yi wa aiki, ko waɗanda suka sake zubar jini, ko suka naƙasa, ko suka rasu. Ba raina hoto nake yi ba, jakar da ta rufu ruf ta fi kwantar da hankali. Amma "hotonta zai fi kyau bayan wata 18" magana ce dabam, "za ta fi rayuwa" magana ce dabam, kuma iyalin da ke cikin firgici ta biyun suke ji ko da ta farkon aka faɗa musu. Ku kuma likitoci, musamman matasa masu tsayawa tsakanin iyali da babban likita, amana ce a wuyanku. Kada ku ce "wannan ta fi" ku ja baki ku yi shiru. Ku ƙarasa maganar.

Ku sani kuma cewa akasarin binciken nau'in waya kamfanonin da ke ƙera wayar ne suka ba da kuɗinsa. Wannan bai mayar da shi ƙarya ba, ga shi wasunsu sun fito da abin da bai yi wa mai kuɗin daɗi ba. Amma ɗan littafi mai sheƙi da wakilin kamfani ya ajiye a teburin asibiti talla ne, ku karanta shi a matsayin talla.

Ku fi damuwa da hannun da zai yi aikin fiye da sunan da ke jikin kwali. Aikin koyil gini ne, kuma ba da waya iri ɗaya ake yinsa ba. Ta farko ita ce ginshiƙi, ana zaɓen faɗinta daidai da faɗin jakar, ta kewaye bango ta yi kamar kwando ta tare bakin. Sai masu cika ciki, sai na ƙarshe, ƙanana masu taushi ƙwarai, da ake lallaɓawa a wuya. In ginshiƙin ya yi ƙanƙanta sai ya yi ta yawo ko ya leƙo cikin jijiya. In ya yi girma ko tauri sai ya takura bangon da ya riga ya yi sirara, ya huda shi ana tsakiyar aiki, kuma ƙananan kumburi masu milimita 3 zuwa ƙasa sun fi saurin yin haka. In aka tsaya da wuri, lotsawa na tafe. In aka yi zari, waya ta fito ta tara gudan jini ya tafi ya toshe wata jijiya, mutum ya farka da shanyewar ɓarin jiki. Sanin inda za a tsaya ba a kwali yake ba, a yatsun wanda ya yi ɗaruruwa yake. Saboda haka ku tambaya, cikin ladabi amma ba da rawar murya ba: "Likita, irin wannan aiki nawa ake yi a nan a shekara? In ya fashe ana cikin aiki, akwai mai buɗe kai a kusa? Akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman?" Ƙwararre ba ya fushi da waɗannan tambayoyi.

Kada ku matsa a rage yawan wayoyi don kuɗi ya sauka. Kowace waya da kuɗinta, kumburi guda kuma na iya cin biyu, yana iya cin fiye da goma. In aljihu ya gaza, gara a cika jakar dam da filatinam zalla da a sa mai tsada guda uku a bar ta rabi. Ku faɗa wa likita ƙarfinku tun kafin a shiga, kada ku bari sai an fito.

Ku yarda cewa siffar kumburin ta fi nau'in waya iko da abin da zai biyo baya. Mai ƙaramar jaka da matsattsen wuya kusan kowace waya na riƙe shi. Mai faɗin wuya, milimita 4 zuwa sama, ba ya riƙe waya sai da tallafi. Wanda ya kai milimita 10 ya fi dawowa, wanda ya kai 25 kuwa waya kaɗai ba kasafai take isarsa ba. Don irin waɗannan Jacques Moret na Faransa ya fito da dabarar hura ɗan balan-balan a bakin jaka ya tare waya har ta zauna. Akwai kuma raga ta ƙarfe da ake shimfiɗawa a cikin jijiyar ta zama shinge, da wata mai ƙananan idanu da ke karkatar da jini gaba ɗaya daga jakar, irin Pipeline da Amurka ta amince da ita a 2011. In likita ya ce kumburinku na buƙatar ɗaya daga cikinsu, zancen wace waya ta fi ya zama ƙarami.

Kada ku karɓi raga ba ku tambayi maganin da ke biye da ita ba, kuma in an sa, kada ku kuskura ku daina shansa da kanku. Raga baƙon ƙarfe ce a tsakiyar hanyar jini. Sai an haɗa magunguna biyu masu hana jini curewa, galibi asfirin da kulofidogirel, na tsawon watanni, ɗayan ma ya zarce. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye, ko maganin ya ƙare ya ce sai an yi albashi, ko mai cire haƙori ya ce ya dakata mako guda, yana iya wayar gari raga ta toshe. Kafin ku baro asibitin ku tabbata maganin na samuwa a garinku, ku riƙo na watanni. Maganar azumi da lokutan sha ku kai ta gaban likita tun Sha'aban. Wannan larura ta magani ce kuma ta sa likitoci ke ƙyamar sa raga a kumburin da ya fashe jiya, domin mai yiwuwa a buƙaci huda kai a zuƙe ruwa, jinin da ba ya curewa kuwa ba ya son wuƙa.

Kada ku gudu don an ce buɗe kai. ISAT bai ce waya ta fi a kowane hali ba, ya yi magana ne kan kumburin da hanyoyin biyu za su iya. Akwai wanda maƙali ya fi masa: mai faɗin wuya da rassan jijiya ke fita daga gindinsa, kamar yadda aka saba gani a jijiyar gefen ƙwaƙwalwa, da wanda ya tara babban gudan jini da dole a kwashe, da matashin da ke da shekaru masu yawa a gaba, don maƙali ya fi ƙarko. Asibitin kirki shi ne wanda masu hanyoyin biyu ke zama su duba hoton tare.

Kada ku ɗauka fitowa daga ɗakin aiki ita ce tsira, in kumburin ya riga ya fashe. Jinin da ya zuba yana nan, kuma tsakanin kwana na 3 da na 14 yana sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su tsuke. Babu wayar da ke hana wannan, mai tsada ko mai araha. Maganin nimodifin ake bayarwa kowace awa 4 har kwana 21, dare da rana. Mai zaman jinya ya sa ido: in magana ta fara karyewa, ko hannu ya yi nauyi, ko barci ya yi yawa, a kira ma'aikaciyar jinya nan take, kada a ce gajiya ce. Kada kuma a matsa a sallame shi a kwana na biyar don kuɗin gado ko tikitin jirgi.

In kuwa a hoton wani ciwo dabam aka tsinci kumburin, bai fashe ba, kada ku bari tsoro ya tura ku ɗakin aiki a guje. Ƙananan da ba su kai milimita 7 ba, a jijiyoyin gaba, haɗarin fashewarsu kaɗan ne, aikin kansa kuma yana da nasa haɗari. Sau da yawa sa ido da maimaita hoto ya fi. Ku nemi ra'ayin likita na biyu. Amma in fatar ido guda ta faɗi ba zato, ƙwayar idon ta buɗe, gani ya rabu biyu, wannan kumburi ne ke danne jijiyar ido yana girma. A tafi asibiti a ranar.

A daina taba gaba ɗaya, sigari da shisha duka. A sha maganin hawan jini kullum, ba sai ranar da kai ya yi nauyi ba. Waɗannan biyun su ne manyan masu raunana bangon jijiya, kuma wanda ya yi kumburi ɗaya na iya yin wani a wani wurin. In mutum biyu cikin 'yan'uwa na jini, iyaye ko 'ya'ya ko waɗanda ake ciki ɗaya, sun taɓa yi, sauran su nemi shawarar yin hoto. Masu sikila kuma, waɗanda muke da su da yawa, sun fi sauran mutane samun wannan kumburi, sau da yawa fiye da ɗaya. Baligi mai sikila da ya yi ciwon kai na farat ɗaya, kada a ce ciwonsa ne ya tashi a ba shi maganin zafi a rufe shi da bargo. Kuma a gaya wa masu aikin cewa yana da sikila tun kafin a fara, don akwai shirin da ake yi wa jininsa.

Ku koma hoton bibiya ko da mai jinya na tafiya kasuwa da ƙafarta. Dawowar kumburi ba ta ciwo, ba ta ba da sanarwa. Yawanci ana yin hoton farko wajen wata 6, a sake tsakanin wata 18 da shekara 2, daga nan likita ya tsara gwargwadon abin da ya gani. Wayar filatinam ba ta hana shiga na'urar MRI, kuma da ita ake yawan bibiyar, amma a nuna wa mai na'urar takardar abin da aka sa. In an ce ɗan wuya ya rage bai sauya ba, galibi kallo ake yi. In an ce jini ya koma cikin jakar kanta yana ƙaruwa, a zauna maganar sake aiki. Ku ware kuɗin waɗannan hotuna tun ranar da kuke lissafin farko, kada waya mai tsada ta cinye su.

Kada ku bar asibitin, musamman in a ƙasar waje ne, sai da waɗannan a hannu: rahoton aikin da sa hannun likita, sunan kowace waya da girmanta da adadinsu, sunan raga in an sa, faifan hotunan kafin aiki da na bayansa, jerin magunguna da ranar da za a daina kowane, ranar hoto na gaba, da sunan likitan gida da zai karɓi bibiyar. Ku ɗauki hoton takardun a wayar hannun mutum biyu, ainihin kuma a ba wanda ya fi kowa adana kaya a gidan.